Sifili daban, shiru daban

Jiya da daddare wani abokina da muka yi makaranta tare, yanzu yana Jidda yana tsaron shago, ya kira ni yana min tsiya wai shi har yau bai gane aikin da nake yi ba, likita ne ni ko malamin asibiti ko me. Nace masa babu ko ɗaya, ni ko allura ban iya yi ba, aikina bin lambobi ne. Yace lambobin waya? Muka yi dariya har kati ya ƙare. To tunda na kwanta abin bai bar raina ba, domin ba shi kaɗai ba ne, ko a gida mahaifiyata in baƙi suka tambaye ta cewa take yi ina aikin kwamfuta a wajen masu lafiya, shi ke nan ta rufe zancen. Shi ya sa yau nace bari in zauna in rubuta, ko mutum ɗaya ya karanta ya gane na ci riba.

Ina aiki da wata munazzama, wato ƙungiya, ta kiwon lafiya a nan Gadarif da ke gabashin Sudan, kuma abin da aka ɗora min shi ne tattaro rahotannin da ke fitowa daga mahaliyyoyi, wato ƙananan hukumomi kamar yadda 'yan uwanmu na Najeriya ke cewa, in duba su, in haɗa su da na wilaya, wato jiha, in ga inda suka yi karo da juna. Sudan wilaya 18 gare ta, wilayar Gadarif kuma mahaliyya 12, daga Fao da Butana har su Basunda da Galabat da Fashaga da ke bakin iyakar Habasha. Kowace mahaliyya tana da ofishin lafiya, a ƙarƙashinsa akwai markazoji, wato cibiyoyin lafiya, da ƙananan wuraren shan magani na ƙauye. Duk lambar da ka ji minista ya karanta a talabijin ko ka gani a sanarwar Hukumar Lafiya ta Duniya, mutum kaza sun kamu mutum kaza sun rasu, asalinta daga wani daftari ne mai bango kore ko shuɗi da ke kan teburin wani malamin asibiti a ƙauye, da biro aka rubuta ta, wani lokacin da hasken tocilan ɗin waya. Daga daftarin a kwafe ta a kan istimara, wato fom, istimarar ta hau raksha mai ƙafa uku ko boksi, motar a-kori-kura, ta je mahaliyya, mai ihsa'i na mahaliyya, wato jami'in ƙididdiga, ya tara ya miƙa wa wizarar lafiya ta wilaya, wato ma'aikatar lafiya, ita kuma ta miƙa wa ta tarayya. Akwai manhajar da ake zuba su a ciki, DHIS2 sunanta, Jami'ar Oslo ta Norwe ce ke kula da ita kuma ƙasashe da yawa na Afirka da ita suke aiki har da Najeriya. Manhaja ce mai kyau wallahi, tana zana taswira tana fitar da jadawali mai launi, amma abin da ka zuba mata shi take dafa maka.

Rahoton iri biyu ne. Akwai na wata-wata, shi ne mai yawan shafi, zazzabin cizon sauro nawa, gudawa nawa, awon ciki nawa, allurar rigakafi nawa, yara masu tamowa nawa. Akwai kuma na mako-mako, na cututtukan da ke bazuwa kamar wutar daji, su ƙyanda da sanƙarau da kwalara da zazzaɓin da ke sa zubar jini, wasunsu ma ba a jira mako ya cika, ranar da aka ga mutum ɗaya ranar ake buga waya.

A kan wannan na makon ne na tafka kuskuren da har gobe in na tuna sai in ji kunya ta kama ni. Ina sabon shiga aiki, lokacin harif ne, damina ta kankama, duk wanda ya san ƙasar Gadarif ya san baƙar lakar nan tamu, in ta sha ruwa mota ba ta da ta cewa, takalmi ma sai ka cire ka riƙe a hannu. Aka ba ni jadawali in kammala kafin la'asar. Na ga wani markaz gurbinsa fanko, mako ɗaya, biyu, uku, har huɗu, babu komai a ciki. Ni kuma ina son aikina ya fito tsaf babu giɓi, sai nace ai tunda ba su turo komai ba babu komai ke nan, na bi gurabun nan ɗaya bayan ɗaya na cika su da sifili. Jadawali ya yi kyau, taswira ta fito koriya shar. Na kai wa shugabarmu, wata daktora ce dattijuwa mara yawan magana, ta sa tabarau ta duba ta duba, sai ta ɗora yatsa a kan layin markaz ɗin nan tace min waye ya gaya maka sifili? Nace Daktora ba su turo komai ba ne. Tace na ji, ba su turo ba, to waye ya gaya maka sifili? Na yi tsuru-tsuru.

Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Ta jawo kujera tace zauna, sannan ta bayyana min cewa in malamin asibiti ya rubuta sifili da hannunsa, shaida ya bayar, yana cewa ina nan, na buɗe markaz, na duba mutane, ban ga cutar ba. In kuwa gurbi ya zo fanko to ba mu san komai ba, wataƙila babu cuta, wataƙila hanya ce ta yanke, wataƙila babu shabaka, wato sabis ɗin waya, wataƙila shi kansa malamin yana kwance, wataƙila kuma marasa lafiya ne suka yi masa yawa har bai samu sararin ɗaukar biro ba. Tace wurin da ya yi shiru a tsakiyar damina shi ya kamata ya hana ka barci. Ni kuma na ɗauki shirun na shafa masa koren fenti.

Ita ce ta fara nuna min yadda masu sa ido a kan shan inna suke yi, abin ya burge ni har yau. Su duk yaron da bai kai shekara 15 ba, ƙafa ko hannu ya saki farat ɗaya, sai an kai rahotonsa an ɗauki samfurin bayan gidansa sau biyu, tsakaninsu aƙalla awa 24, cikin kwana 14 da farawar abin. Kuma sun san ko babu shan inna sam a ƙasa akwai wasu cututtukan da ke sa gaɓa ta saki, saboda haka suna sa ran a samu aƙalla yara 2 cikin kowane 100,000 a shekara. In yanki ya shekara yana turo sifili ba a yi masa tafi, cewa ake yi masu neman ne suke barci. Ka ga ko sifilin da aka rubuta da hannu ma ba a sakar masa jiki, balle nawa na ƙirƙira.

Bayan kwana biyu tace in shirya in bi tawagar da za ta je markaz ɗin. Mota ta kai mu iya inda kwalta ta ƙare, daga nan muka hau tirelar tarakta, wadda mutanen nan ke kira babur, abin da ke ba baƙinmu daga Kano dariya kullum domin su babur mai ƙafa biyu suka sani. Muka yi ta tangal-tangal cikin taɓo, gonakin dawa da riɗi hagu da dama iya ganinka, kwamfutata na rungume a ƙirji cikin leda biyu. Mun isa bayan azahar. Markaz ɗin ɗaki biyu ne da rakuba, wato rumfa, a gaba, a ƙarƙashin rakubar mata ne zaune a kan tabarmi kowacce da yaro a cinya, idanu jajur, hanci na zuba, ƙuraje sun feso daga bayan kunne zuwa fuska. Ko ni da ban karanta likitanci ba na san ƙyanda in na gan ta, na yi ta ina yaro.

Malamin wurin, musa'id tibbi ake ce musu a nan, wato mataimakin likita, dattijo ne Bahaushe ɗan uwanmu, gemunsa fari fat. Da ya ji na yi masa sallama da Hausa sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki yana tambayata mutanen gida, kakannina daga ina, nace daga Mai Wurno ta wilayar Sinnar suka gangaro nan gabas neman noma, yace to ai gida ne. Nace Baba rahotonku ne bai iso ba mako huɗu. Bai ce komai ba, ya jawo durowa ya fito da istimara huɗu a cike, an sa kwanan wata an sa hannu, kowacce da adadin yaran da ya gani masu zazzaɓi da ƙuraje, makon farko kaɗan, na biyu ya ƙaru, na huɗu har ya yi rubutu a gefen takarda saboda gurbi ya yi masa kaɗan. Yace ɗana ga su nan, wa zan ba? Mai boksin da ke karɓa bai shigo ba tun da ruwa ya sauka, waya kuma sai an hau tudu can bayan gari kuma sola ta lalace ba ya samun caji. Ya buɗe min daftarin kansa, gefen shafukan ya yi laushi saboda damshi, wani wurin tawada ta zuba, amma ko layi ɗaya bai tsallake ba, suna, shekaru, ƙauye, an yi rigakafi ko ba a yi ba. Na tsaya ina kallon takardun nan huɗu ina tuna sifilina huɗu, wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage.

Kafin mu tafi ya haɗa mana shayi, muna sha sai yace ɗana in tambaye ka mana, takardun nan da muke cikawa shekara da shekaru, ina suke zuwa? Nace Baba wizara suke zuwa, daga nan Hartum. Yace to in sun je me suke cewa? Ban samu amsa ba. Yace shi tun da ya fara aiki bai taɓa ganin takarda ta dawo ta ce masa ga abin da muka gani a lambobinka ba, sai dai in ya makara a aiko da faɗa. Na haɗiye shayina da ƙyar.

Bari in bar Baba tukuna in koma kan wata matsalar da ta fi wannan cin rai a ofis, ita ce ta yawan jama'a. Duk lissafin lafiya rabawa ne, yara nawa aka yi wa allura a cikin yara nawa da ke akwai. Na sama kana iya ƙirga shi daga daftari, na ƙasa fa? Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Sudan ta 2008 ce, tun Sudan ta Kudu ba ta ɓalle ba, domin sai 2011 ta ɓalle. Tun daga lokacin ƙiyasi ake yi, a ɗauki adadin 2008 a riƙa ƙara masa wani kaso duk shekara kamar mutane bishiya ne da ke tsaye wuri ɗaya. Alhali Gadarif gari ne na shige da fice. Lokacin yankan riɗi da girbin dawa 'yan ƙwadago ke cika gonaki daga ko'ina har da Habasha. Madatsar ruwa ta Atbara da Setit ta sa an tashi ƙauyuka an sake musu matsuguni. A Nuwamban 2020 yaƙin Tigray ya koro dubban mutane aka zaunar da su a sansanin Um Rakuba da Tunaidba. A 2022 rikicin wilayar Nilul Azrak ya tarwatsa 'yan uwanmu Hausawa da yawa daga gidajensu. Sannan babbar musiba, yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, mutanen Hartum suka kwararo, da birnin Madani ya faɗi a Disambar shekarar wasu suka biyo, da birnin Sinja ya faɗi a tsakiyar 2024 wasu suka ƙaru, makarantu suka zama gidajen kwana. To da wane adadi za ka raba? Shi ya sa za ka ga wata mahaliyya lissafi ya nuna ta yi wa yara fiye da ɗari bisa ɗari allura, wanda bai sani ba sai yace ƙarya suka shirga ko kuma yace madalla sun gama aiki, alhali yaran ne suka fi ƙiyasin yawa, kuma mai yiwuwa akwai wasu da yawa da allurar ba ta kai gare su ba suna ɓoye a bayan wannan kyakkyawar lambar. Wata kuma ta nuna rabi, a yi ta yi wa ma'aikatanta faɗa, ashe mutanen ne suka tashi.

Dabarar da na koya ita ce in daina dogara da kason kaɗai, in kwatanta lambobin da suka fito daga daftari ɗaya. Allurar Penta, rigakafin jarirai na cututtuka biyar, sau uku ake yi, a mako 6 da 10 da 14. In yara ɗari suka karɓi ta farko, misali nake bayarwa, sannan saba'in suka karɓi ta uku, to talatin sun ɓace a hanya, wannan ba ya bukatar ƙidaya, kuma tambaya ce da za ka iya ɗauka ka kai wa mai rigakafi ku zauna ku nemi amsarta, ko nisa ne, ko firji ne ya mutu, ko iyayen sun tafi gona.

Akwai wani gurbi ɗaya a istimara da mutane ke rainawa, gurbin da ake rubuta inda mara lafiya ya fito. Kalazar ce ta koya min darajarsa. Wanda ba ɗan nan ba wataƙila bai san ta ba, cuta ce da wani ɗan mitsitsin ƙuda ke yaɗawa, ya fi sauro ƙanƙanta, yana son wuraren da ke da baƙar laka mai tsagewa da itatuwan talha da aduwa, wato dai ƙasarmu sak. Yana cizo da bazara kafin ruwa ya sauka, ciwon kuma sai bayan watanni yake bayyana, zazzaɓi ya ƙi sauka, saifa ta kumbura, yaro ya rame ya zama ƙashi da fata, in ba a yi magani ba yawanci ajali ne. Maganin allurai ne na kwana 17 kuma ba kowane markaz ke yi ba, sai wasu asibitoci ƙalilan. To in ka ƙirga masu cutar da sunan asibitin da suka kwanta, taswira za ta nuna maka garin da asibitin yake shi ne matattarar cuta, a kwashi gidan sauro da feshi a kai can, alhali mutanen daga ƙauyukan bakin kogin Rahad ko Atbara suka yi tafiyar yini suka zo. Magatakarda ya gaji, layi ya yi tsawo, sai ya rubuta sunan mahaliyya kawai ko ya bar wurin fanko. Ni kuma in zauna da dare ina bin sunayen ƙauyuka, ƙauye ɗaya an rubuta shi iri uku da Larabci, wani kuma sunan da Hausawan wurin ke kiransa daban da wanda ke cikin takardar hukuma, nan ne kaɗai Hausata ke min rana a ofis, abokan aiki su riƙa miƙo min suna cewa ya zol, wato malam, duba mana wannan.

Wanda kuma bai zo asibiti ba sam babu shi a lissafi. Mu musulmi ne, mutum ya rasu da safe kafin azahar an kai shi makwancinsa, babu mai zuwa ofis neman takardar mutuwa sai in akwai gado ko fansho. Haihuwa ma mafi yawa a gida ake yi a hannun ungozoma, daya kamar yadda ake ce mata a nan. Sudan ta daɗe da horar da su, makarantar ungozomomi ta Omdurman tun 1921 aka buɗe ta, kuma a farkonta matan da ba su iya karatu ba ake koyarwa su gane magani da ƙamshinsa da ɗanɗanonsa. Na haɗu da wata tsohuwa a wani ƙauye da ta tuna min da wannan tarihin, ba ta rubutu amma tana da gwangwanin madara biyu a ƙarƙashin gado, duk haihuwar da ta karɓa lafiya sai ta jefa ƙwallon dabino a ɗaya, wadda aka rasa jaririn ta jefa a ɗayan, ƙarshen wata jikarta ta ƙirga ta rubuta a takarda. Nace Iya in uwar ce ta rasu fa? Ta kalle ni tace yaro wannan ba na bukatar ƙwallo, ba na mantawa. Ta lissafo min su da unguwanninsu da lokacin shekarar da abin ya faru. Lambobinta sun fi na wasu masu kwamfuta tsafta.

Sai dai mutanenmu ma muna da namu. Ka shiga unguwa da takarda da biro kana tambaya mutum nawa ne a gidan nan, nan take fuska ta canza. Wani yana tsoron haraji, wani yana ganin ƙirga 'ya'ya na jawo baki, wani kuma, kuma wannan ba wasa ba ne, ya gaji da a riƙa tambayarsa asalinsa a ƙasar da aka haifi kakansa, saboda haka duk mai takarda abin zargi ne. In kuma aka ji rabon gidan sauro ne ko abinci sai gidan mutum biyar ya koma goma sha biyar. Ni dai abin da na gani yana aiki shi ne ka fara da liman da shehun unguwa, ka zauna ka sha jabana, wato gahawa, ka faɗi gaskiyar abin da za a yi da lambar da abin da ba za a yi ba, kada ka yi alkawarin da ba a hannunka yake ba.

Su ma jami'an mahaliyya sai ka iya da su. Ba ka shiga ofishin mutum kace ba ni bayanai, sai da wasiƙa daga wilaya mai hatimi, kuma ko da wasiƙar sai ka yi gaisuwa ta isa. Da farko ina jin haushi, ina ganin rowa ce suke yi da abin da ba nasu ba. Daga baya na gane abin da ke cikinsa. Mai ihsa'i ɗaya ne, wani lokacin albashinsa ya yi watanni bai zo ba, katin intanet daga aljihunsa yake sayawa, sannan mu munazzamomi kowacce ta zo da tata istimarar, masu tamowa da tasu, masu zazzaɓi da tasu, masu rigakafi da tasu, tambaya ɗaya a yi masa ita sau biyar da siffa biyar, kuma kowa na son tasa jiya. Wannan laifinmu ne ba nasa ba. Ga kuma tsoro, domin lamba mara daɗi tana iya jawo wa mutum kira daga sama.

Tsoron nan yana da tushe. Duk wanda ke Sudan daga 2016 zuwa 2018 ya tuna annobar da gwamnatin Bashir ta ƙi kiranta da sunanta, aka ce is'hal ma'i ce, gudawa mai ruwa-ruwa, mutum sama da 36,000 suka kamu sama da 800 suka rasu, kowa a kasuwa yana cewa kwalara amma a takarda ba a rubutawa. Sunan kuwa yana da nauyi, domin rigakafin kwalara na ɗigawa a baki yana cikin wani rumbu ne na duniya da ake roƙa daga gare shi, kuma mai roƙo sai ya nuna shaidar gwaji da jerin waɗanda suka kamu, ina suke, yaushe suka fara, nawa suka rasu. Rumbun ma ya gaza, har a Oktoban 2022 aka koma ba da ɗigo ɗaya maimakon biyu saboda ƙaranci. Da kwalarar ta dawo a 2023, a nan Gadarif aka fara ayyana ta cikin Satumba kuma da sunanta aka kira ta, haka ma a Agustan 2024 da ta taso daga wajen Kasala. A lokacin ne na ga amfanin jerin sunayen nan da idona, kowane layi mutum ɗaya, unguwarsa, inda yake ɗiban ruwa, ranar da ya fara, ranar da ya iso. In ka ga waɗanda ke rasuwa sun haura 1 cikin 100 ka san ko dai mutane na isowa a makare ko wurin jinyar na da matsala, domin kwalara in aka samu ruwan gishiri da sukari da ƙarin ruwa a kan lokaci ba ta cika kisa ba. In ka ga layuka da yawa daga unguwa ɗaya sai a bi masu kuran ruwa na jaki a ga daga ina suke ɗiba a zuba sinadarin kulorin.

Kuma duk wannan a cikin yaƙi aka yi shi. Babban ɗakin gwaje-gwaje na ƙasa da ke Hartum, ma'amal Istak, masu bindiga sun mamaye shi tun a watan farko, wizarar tarayya ta koma Bur Sudan, a Fabrairun 2024 kuma shabaka ta ɗauke a ƙasar kusan baki ɗaya, babu kira babu Bankak, manhajar tura kuɗi, babu komai. Rahoto ya koma hoton shafin daftari da ake turowa ta WhatsApp duk sanda aka samu sanda ɗaya ta sabis, hoton a karkace, yatsan mai ɗauka ya rufe rabin layi, ni kuma in ƙura ido ina zuƙowa ina tambayar kaina wannan 2 ce ko 3, wanda ya san lambobin Larabci ya san yadda suke kama da juna in biro ya yi gardama. Sifilin Larabci kuwa ɗigo ne kawai, sau nawa ina goge fuskar waya in ga ko sifili ne ko ƙura. Wilayoyin da yaƙi ya cinye kuma gurabunsu fanko suke zuwa wata da watanni, duk sanda na ga taswirar ƙasa an bar Darfur fari babu launi sai in tuna yatsan Daktora.

Tambayar Baba dai ba ta bar ni ba. Da rani ya shigo hanya ta bushe, na roƙi izini na zauna na haɗa wa kowane markaz da ke hannuna shafi ɗaya tak, da Larabci, manyan baƙaƙe, babu turanci ko ɗaya. Zazzaɓinku wata-wata na shekara guda ga shi a zane, ga watan da ya fi tashi, ga yaran da suka fara Penta ga waɗanda suka gama, ga makonnin da rahotonku ya iso ga waɗanda bai iso ba. Tawadar firinta ma sai da muka yi ciniki da mai kula da kuɗi. Na kai wa Baba nasa da kaina. Ya sa tabarau ya riƙe takardar nesa da fuska ya daɗe yana kallo, yace wannan namu ne? Nace naku ne Baba, daga daftarinka na ɗebo. Ya bi zanen zazzaɓin da yatsa har ya kai inda ya yi tsini bayan damina yace haka ne, a watan nan ne magani ke yanke min duk shekara, bari in riƙa nema tun kafin ruwa ya rufe hanya. Sai kuma ya tsaya a wani wata ya ɗaure fuska yace a'a ɗana, wannan ba daidai ba ne. Ya jawo daftari ya buɗe ya ƙirga a gabana da bakin biro, ashe wajen kwafewa a hanya an juya lambobi biyu, na gaba ya koma baya, kuma kuskuren ya wuce ta hannun mutum uku har da ni babu wanda ya gani. Ya gyara da jan biro a kan takardata, ya nemo ƙusa ya kafe ta a bango kusa da firjin rigakafi, sannan yace in na koma in gyara a kwamfutar, kuma na wata mai zuwa in ƙara masa gurbin awon ciki.